Neman Muryar Jita a Titin Ocanomizu

Daren da zan bar Agadas, maigidana a harkar kiɗa ya aika yaro ya kira ni. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, butar shayi na tafasa a kan gawayi, ga wani ɗan akwatin roba a gabansa, wayoyinsa a waje kamar hanji. Fedar jitarmu ce, wadda muka saya a kasuwa shekara biyu da suka wuce. Ta mutu ne a tsakiyar wani biki, daidai lokacin da abokan ango suka shigo fili, mata na ta rangaɗa guɗa. Aka taka ta, jita ta yi tsit. Da na buɗe ta washegari na tarar ƙura ta cinye makunninta, zafin rana kuma ya lanƙwasa robar. Maigida ya turo mini ita da yatsa ya ce, "Ɗana, an ce ƙasar da za ka ita ce gidan waɗannan abubuwa. Ka samo mana wadda za ta jure ƙurarmu, kuma a ji ta har bayan fili." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ya ƙirgo kuɗin da ƙungiya ta tara, ya naɗe a takarda ya miƙo mini.

Aikina na rana haɗa wutar sola ne, shi ne kuma ya kai ni Japan, kwas na mako uku. Jita aikin dare ce, ina riƙe da ta biyu a bayan maigida tun ina saurayi. Ga wanda bai saba da kayanmu ba, feda ɗan akwati ne da bai fi sabulun wanki girma ba, ana ajiye shi a ƙasa tsakanin jitar lantarki da amfilifaya. Waya ta shiga ta dama, wata ta fita ta hagu, makaɗi ya taka da ƙafa kamar fedar keke, nan take muryar jita ta sauya. Akwai mai sa amsa-kuwwa, akwai mai sa rawar murya. Wadda aka aike ni nema ita ce mai sa jita ta dishe, ta yi gurnani, amon tsirkiya ya daɗe bai mutu ba. Masu sana'ar sun kasa irinta gida uku: obadiraif mai ɗan kaushi, distoshin mai ruri, sai fas wadda ke yage sautin gaba ɗaya.

Daga Agadas zuwa Yamai sama da kilomita 900 ne ta Tawa, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san yadda take karya baya. Jirgi ya kai ni Adis Ababa, wani ya ɗauke mu daga can, ya yada zango a Koriya ta Kudu, sannan ya sauke mu a Narita. Tokiyo ta riga Nijar da awa 8, ga sanyin Nuwamba, don haka mako biyun farko ban san komai ba sai aji da bargo. Ranar Juma'a ta biyu aka sallame mu da wuri, na tafi babban masallacin Turkawa da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000. A bakin wurin ajiye takalma na ji wani yana waya da Hausar Damagaram. Ɗalibi ne, shekararsa uku a garin, harshen Japanawa ya zauna masa a baki. Da na gaya masa saƙon da ke kaina ya ce, "Ai Yaya ba ka da nisa. Layin Ciyoda daga nan kai tsaye yake zuwa Shin-Ocanomizu. Mu je in yi maka tafinta."

Mun fito daga ƙarƙashin ƙasa kusa da cocin Nikolai mai koriyar ƙubba, muka tsaya kan gadar Hijiri. Can ƙasa cikin wani kwazazzabo kogin Kanda ne ke gudana, jiragen ƙasa na gilmawa ta gefensa, wani ja ya ɓullo daga rami ya tsallake ruwan ya sake nutsewa cikin wani ramin. Abokin tafiyata ya ce ma'anar Ocanomizu ita ce ruwan shayi, domin a zamanin Edo daga wata maɓuɓɓuga ta nan ake ɗebo ruwan da ake dafa wa mai mulkin ƙasar shayi. Na tuna butar maigida a kan gawayi, raina ya yi fari da wurin tun ban ga jita ko ɗaya ba.

Titin da ya gangara daga tasha zuwa Jami'ar Meiji shi ne kasuwar. Dama da hagu shagunan kayan kiɗa ne, kafaɗa da kafaɗa, wasu hawa huɗu ko biyar, kowane hawa da abin da ya ƙware a kai. Jitoci rataye tun daga ƙasa har rufi, har a bakin ƙofa an jera masu araha kamar yadda ake jera takalma a kasuwarmu. A duk Agadas, garin da duniya ta san shi da jita, garin Bombino da Etran de l'Aïr, tsirkiya ma wani lokaci sai an yi saƙonta daga Yamai. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na tsaya a bakin titin nan ina kallo, abin ya tsaya mini a ƙirji.

Mutanen Japan ba sa cewa feda, efekuta suke cewa, kuma duk dangin masu gurnani suna kiransu hizumi. Gwada kaya kafin saye kuma shiso ne. Da waɗannan kalmomi uku muka hau bene na uku na wani shago. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi a kulle, cike da tsofaffin fedoji, kowace da 'yar takardarta. A nan na ga tarihin abin da nake nema a jere.

Wannan sauti da kuskure ya fara. A 1951 a Memfis, amfilifayar Willie Kizart ta lalace a hanyar zuwa ɗaukar waƙar Rocket 88, aka ɗauka da ita a haka, kaushin ya shiga faifai. Shekara goma bayan nan waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry ta fito daga Nashbil da wani ruri a tsakiyarta, saboda layi ɗaya na na'urar haɗa sauti ya sami matsala. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera da'irar da za ta riƙa maimaita wannan matsala da gangan, ita ce ta zama Maestro Fuzz-Tone a 1962. Ba ta yi kasuwa ba sai da Keith Richards ya kaɗa Satisfaction da ita a 1965. A Landan kuwa Dave Davies reza ya sa ya tsaga lasifikarsa a 1964. Ban ji labarin nan a matsayin na baƙi ba. Magabatanmu a kiɗan jita na Abzinawa da ƙananan amfilifayoyi masu batir suka fara, ana murɗe su har ƙarshe don a ji su a fili, lasifika na kuka don an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kunnen mutanenmu da wannan dishewa ya tashi, shi ya sa jita mai tsabtar murya ba ta tayar da kowa rawa a bikin Agadas.

A layin ƙasa na gilashin ga 'yan gida: Boss OD-1 ruwan ɗorawa ta 1977, DS-1 ruwan lemo ta 1978, da Ibanez TS808 koriya shar ta 1979, wadda ake kira Tube Screamer, aikin Susumu Tamura na kamfanin Maxon. Can sama ita kaɗai, kamar amarya, ga Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara haɗawa da hannunsa a Boston a 1994. Kusan 8,000 kawai ya yi, ya kuma shafe kayan cikinta da baƙin danƙo don kada a kwaikwaya. Kuɗin da ke rubuce a takardarta zai sayi sabon babur a gida har a yi canji. Na kalle ta, na wuce.

Koriyar nan ce a raina tun daga gida. Sunanta ya cika duniya saboda Stevie Ray Vaughan, kuma har yanzu ana ƙera sababbi. Wani saurayin ma'aikaci ya zaunar da ni, ya miƙo mini wata jita mai nauyi da tsada, ya jona ta da amfilifaya mai ƙwayayen fitila a ciki, ya taka fedar. Na kaɗa. Wallahi ban taɓa jin hannuna ya fitar da murya irin wannan ba: mai kauri, mai maiƙo, kowane amo na narkewa cikin na gaba. Hannuna har ya kai aljihu.

Wani dattijo ne ya tsayar da ni. Yana gefe yana goge wata jita, gashinsa fari fat, da alƙalami a aljihun riga. Ya matso ya rusuna, ya yi magana a hankali. Ɗan Damagaram ya ce, "Yaya, tambaya yake, wace irin amfilifaya kake kiɗa da ita a gida, kuma a wane irin ɗaki." Na ciro waya na nuna masa hoto: amfilifayarmu mai tiransisto a kan kujerar roba, janareta a bayanta, fili buɗe, jama'a zagaye, ƙura ta tashi a hasken fitila. Ya daɗe yana kallo. Sai ya karɓi jitar hannuna ya rataye, ya ɗauko wata mara nauyi irin ƙirar Stratocaster, daidai da tamu, ya ja kujerata zuwa gaban Roland JC-120. Wannan amfilifaya tun 1975 ake yin ta, tiransisto ce zalla, muryarta garau kamar ruwan randa, kuma da wuya ka shiga ɗakin atisaye a Japan ba ka same ta ba. Ya sake jona koriyar ya ce in kaɗa.

Kamar an sauya feda. Maiƙon nan ya tafi, murya ta koma ta hanci, tsirkiyar ƙasa ta rame. Da yake lantarki sana'ata ce, da ya ɗauko takarda ya zana mini da'irar, na gane kafin tafinta ya gama. Tube Screamer tana ƙara ƙarfi ne ga sautin da ya haura girgiza 720 a daƙiƙa, na ƙasa da haka ta bar shi a baya. An yi haka ne don ta ingiza amfilifaya mai ƙwayayen fitila wadda dama ta fara gurnani da kanta, ta matse mata ƙasa don kada ta yi caɓi. Rabin zaƙin da na ji ɗazu na amfilifayar ne, ita kuwa ba za ta bi ni Agadas ba. Fedar ba ta da laifi ko kaɗan. An ɗinka rigar ne don wani jiki.

Zanen dattijon nan ya buɗe mini abin da na shekara ina ji ba tare da na san dalilinsa ba. Sautin jita igiyar lantarki ce mai hawa da sauka. Yawancin waɗannan fedoji aiki ɗaya suke yi: su kumbura igiyar, sannan su aske mata kai da gindi da wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira dayod, waɗanda ba sa barin wuta ta wuce wani ƙa'idadden mataki. Dayod na silikon yakan buɗe a wajen bolt 0.6, na jamaniyam a wajen 0.3. Inda aka dasa su shi ne bambancin. In an sa su a hanyar da sauti ke komawa cikin ƙwaƙwalwar fedar, askin yakan zo da laushi, gefen igiyar ya lanƙwasa, shi ne obadiraif. In aka sa su a bakin mafita suna zubar da rarar wuta ƙasa, askin ƙwal-kwabo ne, shi ne distoshin. Na farko yana bin hannu: ka taɓa a hankali ya yi tsabta, ka dake shi ya yi gurnani. Na biyu ko ka lallaɓa ko ka doka, kusan ƙarfi ɗaya zai ba ka.

Kafin mu sauka ya ba ni sharuɗɗan gwaji, yana nunawa da hannu. Na farko ya fi damunsa: a daidaita ƙarar feda in an taka da ƙarar jita in an sake, domin kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, kuma da wannan ake sayar da fedoji da yawa. A fara da duk mamurɗai a tsakiya. A kaɗa abin da ake kaɗawa a wurin aiki. Sannan ya ce in akwai muryar gangunanmu a wayata in zo da ita gobe. Bai sayar mini da komai ba ranar, ya raka mu har bakin matakala.

Da dare na aika wa mai gangarmu saƙon murya ta WhatsApp. Kafin asubar Tokiyo ya turo mini minti huɗu na wani biki da aka yi bayan tafiyata: ganga, faranti, jitar bes, tafi, guɗa, har da ƙugin janareta a ƙasa.

Asabar ƙarfe 11 ana buɗe shago muna bakin ƙofa. Dattijon ya riga ya jera fedoji biyar a kan wani allo, ya kawo ƙaramar lasifika don wayata. Na ajiye ɗan robar kaɗi da suka ba ni, domin mu da yatsa muke kiɗa: babban yatsa na riƙe da tsirkiyar ƙasa tana kuwwa ba tsayawa, manuni na zuba waƙa a sama, hannun hagu na dukan tsirkiya yana fizgewa da sauri. Wannan salo yana tona asirin feda fiye da kowane, saboda murya biyu ke tafiya a lokaci guda. In askin ya yi yawa sai su cakuɗe, a rasa uwa a rasa 'ya.

DS-1 ce farko. Ita ce irin wadda Kurt Cobain ya yi suna da ita, kuma da aka taka na ji dalilin. Tana da wuta, amo ɗaya in ka riƙe shi sai ya yi ta tafiya. Amma mamurɗin launinta yana kwashe tsakiyar sauti, ya bar ƙasa da sama, kuma da na haɗa kuwwar babban yatsa da waƙar manuni sai suka dunƙule. Na ajiye ta da girmamawa. Metal Zone ta 1991 ban daɗe a kanta ba, an yi ta ne don wani kiɗa daban.

BD-2, shuɗiya, wadda ake kira Blues Driver, ta 1995, ita ta sace mini zuciya. Da tiransistoci ɗai-ɗai aka gina ta, ba ta rage ƙasa ba ta rage sama, jitar na fitowa da faɗinta. Na rage mamurɗin ƙarar da ke jikin jita zuwa bakwai, ta yi garau. Na mayar goma, ta yi gurnani. Ko numfashin yatsa a kan tsirkiya ana ji. Na kai minti ashirin a kanta, har wasu samari biyu suka tsaya a bayana suna sauraro, ɗaya ya tambayi tafinta kiɗan wace ƙasa ne wannan. Na ce a raina an gama.

Sai dattijon ya nuna wayata. Na kunna bikin, ya ƙara lasifikar har ta kai ƙarfin jita, na shiga kiɗan. Abin da ya faru ya ba ni mamaki ƙwarai. Kaurin nan na ƙasa da nake jin daɗinsa, bes da babbar ganga suka haɗiye shi. Ƙyallin sama kuma faranti da guɗa suka rufe shi. Abin da ya rage na jitar siriri ne, sai na ƙara mata ƙara kafin in ji kaina, da na ƙara kuma saman ya fara sukan kunne. Ya ce in tashi in je ƙarshen ɗakin, ya karɓi jitar ya riƙa maimaita 'yar jimlar da ya ji ina yi. Daga nesa abin ya fi fitowa fili.

Na dawo, ya taka ta huɗu, SD-1, ruwan ɗorawa, wadda ta gaji OD-1 a 1981. Ɗazu da na gwada ta ita kaɗai ban ba ta minti biyu ba, na ji ta a matse, ba ta da faɗin shuɗiyar. Yanzu da ganguna na tafiya sai ga jita ta fito tsakiyar fili ta tsaya da ƙafarta. Kowane dukan hannun hagu ana jin sa daban, kuwwar ƙasa na nan amma ba ta danne waƙa ba. Dangin Tube Screamer ce ta wajen gini, ita ma tana tura tsakiyar sauti gaba, sai dai dayod uku gare ta maimakon biyu, biyu ta gefe ɗaya, ɗaya ta ɗaya gefen. Askin ya zama a karkace ke nan, kai bai yi daidai da gindi ba, kuma wannan karkata ita ke ba ta ɗan tsami da cizon da ba ya jiran taimakon amfilifaya. Gurbin da bes da faranti suka bari a tsakiya, nan ta zauna. Na kashe bikin na sake jin ta ita kaɗai: har yanzu shuɗiyar ta fi ta daɗi. Na kunna, ta sake cin gasar. Sau uku ina yin haka.

Abin da Baba ya ce ke nan, a ji ta har bayan fili. A ganina yawancin kuɗin da makaɗa ke zubarwa a kan feda a wannan rami suke faɗawa. Mutum ya gwada a ɗaki shi kaɗai, ko ya ji a bidiyo an kaɗa da kayan da bai mallaka ba, ya saya, ya kai wurin aiki ya rasa muryarsa, sai ya ce jabu aka sayar masa.

Saura ta biyar, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga. RAT ce ta kamfanin ProCo, wadda aka haifa a Kalamazu ta jihar Mishigan a ƙarshen shekarun 1970. Daga kantar kayan hannu ya ɗauko ta, abin da suke kira cuko, fentinta ya ɗan goge a gefe. Distoshin ce ta gaske, askin bakin mafita, amma ba ta kwashe tsakiya. Mamurɗin tacewarta a juye yake aiki, in ka murɗa dama ne yake rage kaifi. Da na rage mata wuta ta yi kusa da obadiraif mai tsauri, da na buɗe ta ta koma kusan fas. Nan na tuna ƙaramin cikinmu, yaron da ke karɓar jita in dare ya raba, dattawa sun tafi, samari sun cika fili suna neman irin wutar da suka ji a faifan Afrique Victime na Mdou Moctar na 2021. Dattijon ya jona SD-1 a gaban RAT, ya rage gurnanin ta farkon ya ƙara mata ƙara, ya taka duka biyun. Amo ɗaya na riƙe, ya miƙe ya yi ta tafiya har ya fara kiran lasifika. Na ɗaga hannu daga tsirkiya don in ji abin da ke saura in an yi shiru, domin jita irin tamu tana jan ƙugin wuta, feda mai ƙarfi kuma ninka shi take yi. Akwai shi, amma bai wuce wanda za a iya zama da shi ba in an rage mamurɗin jita tsakanin waƙa da waƙa.

Sai maganar ƙura, rabin saƙon Baba. Na juya SD-1 a hannuna da idon mai gyara. Jikinta ƙarfe ne, mamurɗanta na zaune a cikin kwari yadda ƙafa ba za ta karya su ba, makunninta na ɓoye ƙarƙashin faifan takawa. Batir mai bolt 9 na shiga ta sama da noti ɗaya da ake kwancewa da yatsa, ba sai an nemi sukudireba cikin duhu ba. Ko ba a taka ta ba tana ƙarfafa sautin da ke ratsa ta, abin da zai taimake mu da dogayen wayoyin da muke ja a fili. Na tambayi na'urar jona ta da wutar gida, dattijon ya girgiza kai tun kafin in ƙarasa. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 220, wadda ke kan kantarsu in ba a duba jikinta ba aka soka a janaretanmu hayaƙi za ta yi. Ya ƙara da cewa a mashigar wutar Boss tsakiyar ce nagatif, gefen ne fozitif, saɓanin yawancin cajojin da ke yawo a kasuwa, tsohuwar RAT ɗin kuma mashigarta ma daban ce. Na yanke shawarar batir. Irin waɗannan fedoji wuta kaɗan suke ci, batir ba ya kawo ƙugin janareta, sharaɗi ɗaya ne: a zare wayar shiga in an tashi, in ba haka ba yana ci gaba da zuƙa har gari ya waye.

A kantar kayan hannu akwai tsofaffin SD-1 na farko, ƙirar Japan, kafin aikin ya koma Taiwan, kuɗinsu ya ninka na sabuwa. Na roƙi a jona mini ɗaya gefe da gefe da sabuwar, na juya baya, ɗan Damagaram na takawa ba tare da ya gaya mini wacce ba ce. Da bikin na tafiya ban iya raba su ba. Na ɗauki sabuwa, ba ta kai yen 10,000 ba. Da fasfo a hannu aka cire mini harajin saye na kashi 10 cikin 100, wanda a lokacin ake yafe wa baƙo in cinikinsa ya kai yen 5,000. Kuɗin ƙungiya ya isa har RAT ɗin, ragowar na zuba a tsirkiyoyi da gajerun wayoyi biyu masu kyau. Shuɗiyar na daɗe ina riƙe da ita kafin in mayar. Ina son ta har yau, kuma ran da na sami ɗakin ɗaukar sauti inda jita za ta yi magana ita kaɗai, ita zan nema.

Dattijon ya naɗe kwalayen da kansa, ya ɗauko takardar da ya yi zane jiya ya zana da'irori uku da 'yar kibiya a kowace, inda na tsayar da mamurɗai lokacin da jitar ta fito. Ya roƙi a bar masa sautin bikin, tafinta ya tura masa. Muka yi sallama yana rusunawa ina dafe ƙirji. Muka gangara Jimboco, unguwar masu tsofaffin littattafai, muka sha shayi mai zafi a tsaye, ruwa ya fara yayyafi.

Kwana tara da komawata muka yi biki a wata unguwa bayan babban masallacin Agadas. Na ajiye fedojin biyu a kan katako, na lulluɓe gefensu da tsumma saboda yashi, na saita su bisa takardar dattijon, sai ɗan ƙarin kaifi da na yi don fili ya fi ɗaki shan sauti. Baba ya kaɗa waƙa biyu, ya miƙa mini jita, ya ratsa jama'a ya tafi can bayan fili inda masu babura ke tsayawa. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya karɓi jitarsa ya ce, "Ana ji, ɗana."

Mun yi biki goma sha ɗaya da su zuwa yau. Duk ranar Lahadi nakan buɗe su in busa ƙurar, kuma sau ɗaya na canza wa ruwan ɗorawar batir.